Yadda muka raba kwamfuta da birus ɗin kile da na kirak

Kwamfutar hannu ce ta gwanjo, irin waɗanda suka cika Yamai: Windows 10 cikin Faransanci, madannai AZERTY, RAM na giga 8. Mai ita ɗiyar ƙanwata ce, ɗalibar jami'a da ke tsakiyar rubuta memuwar ɗinta, wato kundin kammala karatu. Ta ce, "Kawu, duk dosiyoyin kilena sun koma rakursi, fanka kuma ba ta yin shiru ko ban buɗe komai ba." Da na ƙara bincikarta, sai ta faɗi na uku: ƙawayenta sun soma samun saƙo daga Facebook ɗinta wanda ba ita ta aika ba.

Waɗannan alamu uku cututtuka uku ne daban, kowace da ƙofar da ta shigo. Rakursi (alamar da ake dannawa ta kai mutum wurin fayil) a kile (ƴar ma'ajiyar fayiloli da ake jonawa) aikin birus ne mai yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta USB. Fankar da ba ta hutawa takan nuna akwai abin da ke cin ƙarfin na'urar a ɓoye. Saƙon Facebook kuwa shi ya fi damuna, domin yana nufin an riga an fitar da wani abu daga cikin kwamfutar zuwa hannun wani. Mafi yawan mutane a wannan gaɓar sukan garzaya su sauko da antibirus na biyu ko na uku. A ganina tsarin aikin ya fi sunan manhajar muhimmanci, kuma wanda ya soma daga inda bai dace ba zai maimaita aikin.

Abin da na fara yi shi ne raba ta da intanet. Na kashe Wi-Fi, na sa ta yanayin jirgin sama, na kuma hana a sake jona mata kowane kile. Muddin tana kan intanet, birus na iya ci gaba da aika bayanai waje ko ya sauko da wani ɗan'uwansa. Sai na duba abubuwa biyu da ake yawan mantawa. Na farko BitLocker: in an kulle diskin da shi, wasu matakan gyara na iya sa kwamfutar ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48, wadda galibi take ajiye a asusun Microsoft na mai na'urar. Wanda bai nemo lambar ba kafin ya soma, yana iya kulle kansa a waje. Wannan ba a kulle take ba. Na biyu batir: nata ba ya riƙe caji sosai, ga shi wuta na iya ɗaukewa kowane lokaci, balle a watannin zafi. Yankewar wuta ana tsakiyar bincike ba ta da illa sosai, amma ana tsakiyar sa Windows tana ɓata aikin gaba ɗaya. Don haka na ajiye manyan matakan sai inda akwai batirin sola.

Kafin in goge komai, sai da na ceto fayilolinta. Ban yi hakan daga cikin Windows ɗin da ya kamu ba, domin duk diskin da aka jona masa zai kamu shi ma. Na tada kwamfutar daga kile mai ɗauke da Linux Mint, wani tsarin kwamfuta daban da Windows, wanda aka shirya da manhajar Rufus a wata na'ura mai lafiya. Ana kunna kwamfuta sai a danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, F9 a HP, F12 a yawancin Dell da Lenovo, a zaɓi kilen. Birus ɗin Windows ba ya tashi a cikin Linux, don haka mutum na iya kwafe abin da yake so hankali kwance. Na kwafi takardun Word da Excel da PDF da hotuna da sautuka zuwa diski na waje. Na bar duk abin da ya ƙare da .exe, .msi, .bat, .cmd, .vbs, .js, .scr ko .lnk, har da dosiyen da ta tara manhajojin da aka ba ta. Ta so a ɗauko shi, na ce a'a, domin daga can ake zargin cutar ta fito.

Shi birus ɗin rakursi ya cancanci a fahimci dabararsa, domin shi ya fi addabar ɗalibai da sakatarori da masu shagon buga takardu a garin nan. A da, birus kan tashi da kansa da zarar an jona kile, ta hanyar wani ɗan fayil mai suna autorun.inf. Tun daga Windows 7 Microsoft ta toshe wannan hanyar ga kile, a 2011 kuma ta aika gyaran ga XP da Vista. Sai masu birus suka koma yaudarar hannun mutum. Birus ɗin kan ɓoye dosiyoyin gaskiya, ya sa musu alamar "ɓoyayye" da ta "fayil ɗin tsari", sannan ya ƙirƙiri rakursi mai suna iri ɗaya da hoto iri ɗaya a madadin kowanne. Idan ka danna rakursin, abu biyu ke faruwa a lokaci guda: dosiyen naka ya buɗe kamar yadda ka saba, a bayan fage kuma wani ɗan rubutun .vbs ko .js ya tashi ta hanyar wscript.exe, ya kwafi kansa cikin kwamfutar. Shi ya sa mutum kan yi watanni yana amfani da kilen bai san komai ba, tunda takardunsa na buɗewa. Daga nan duk kilen da aka jona wa wannan kwamfutar ya kamu. Irin da ake kira Houdini ya bazu tun 2013 ta wannan hanyar, kuma ba yaɗuwa kaɗai yake yi ba, yana ba wani na nesa damar aiko wa kwamfutar umarni. Raspberry Robin, wanda aka gano a 2021, shi ma ta rakursin kile yake shiga, sannan ya buɗe wa wasu miyagun manhajoji ƙofa. Saboda haka ban yarda da masu cewa wai birus ɗin rakursi ba ya komai illa ɓoye dosiye ba.

Bayan ceto fayiloli na koma cikin Windows, har yanzu ba intanet. Na buɗe Sécurité Windows, na shiga Protection contre les virus et menaces. A nan na ga dalilin da Defender, antibirus ɗin da ke zuwa da Windows, bai taɓa yin kuka ba. Bayanansa na gane birus sun tsufa da watanni, domin ta sa haɗin wayarta a matsayin connexion limitée don kada forfe ya ƙare, wanda ke sa sabuntawa ta tsaya ko ta jinkirta. Mafi muni, a ƙarƙashin Exclusions an sa dosiyoyi biyu da aka ce kada Defender ya leƙa: ɗaya a C:\ProgramData, ɗaya kuma AppData gaba ɗayansa. Ba ita ta sa su ba. Manhajojin kirak da ake kunna Windows ko Office da su ba lasisi sukan buƙaci a kashe antibirus kafin a sa su, wasunsu kuma su ƙara waɗannan keɓe-keɓen da kansu. Duk binciken da za a yi alhali suna nan, sakamakonsa zai fito fes, kuma ƙarya ne. Na cire su duka. Don sabunta Defender ba tare da intanet ba, na sauko da fayil ɗin mpam-fe.exe daga shafin Microsoft a wata kwamfuta, na kawo shi a kan wani kile da na san zan goge daga baya, na kunna shi.

Sai na zaɓi Options d'analyse, na ɗauki binciken hors ligne. Kwamfutar takan mutu ta sake tashi cikin wani ɗan ƙaramin tsari na daban, ta yi bincike na kusan minti 15 kafin Windows ya tashi. Amfaninsa shi ne birus bai samu damar farkawa ya ɓuya ko ya kare kansa ba. Ya kama rubutun .vbs da wasu fayiloli biyu. Na bi bayansa da cikakken bincike, wanda kan ɗauki awowi a diski mai juyawa, sannan Malwarebytes da AdwCleaner a matsayin ido na biyu. AdwCleaner ya fi ƙwarewa kan tarkacen talla da ƙarin manhajojin da ke maƙalewa a Chrome. Waɗannan na bincike ne na lokaci ɗaya. Antibirus biyu masu gadi a lokaci guda sukan yi karo da juna su nauyaya na'ura, ba su ƙara tsaro.

Bincike ya ƙare, fanka ba ta daina kuka ba. A nan sai an yi hattara, domin a Yamai ba duk zafin kwamfuta ne birus ba. Ƙurar hunturu kan toshe hanyar iska, a watan Afrilu da Mayu kuma zafi kan haura digiri 40, na'ura mai lafiya ma sai ta yi nishi. Hanyar bambancewa ita ce a duba nauyin da ke kan furosesa. Na danna Ctrl da Maj (Shift) da Échap (Esc), Gestionnaire des tâches, tagar da ke nuna ayyukan da ke gudana, ya buɗe, na ga nauyin ya faɗo daga sama zuwa kusan babu a cikin daƙiƙa biyu, fanka ta lafa. Da na rufe shi, ta sake tashi. Wannan halin manhajar haƙar kuɗin kirifto ne, galibi Monero, wadda aka koya wa ta yi lamo idan ta ga an buɗe wannan tagar. Ƙura ba ta san an buɗe taga ba.

Don gano inda take farkawa na yi amfani da Autoruns, manhajar kyauta ta Sysinternals da ke ƙarƙashin Microsoft. Tana jera duk abin da ke tashi tare da Windows. Na kunna ta da ikon administrateur, na ɓoye layukan Microsoft don jerin ya ragu. Abin da nake nema shi ne layin da ba shi da sunan mawallafi, ko wanda hanyarsa ta nufi AppData, Temp ko ProgramData, ko mai kiran wscript, powershell ko mshta. Na samu uku. Ɗaya a dosiyen farawa, wanda ake buɗewa da Windows da R sannan a rubuta shell:startup. Ɗaya a rajista, inda Windows ke ajiye saitunansa, ƙarƙashin HKCU\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Run. Na ukun aiki ne da aka tsara a Planificateur de tâches, an ba shi suna mai kama da na sabunta Chrome, yana tashi duk bayan ƴan mintoci ya dawo da abin da aka goge. Wannan na ukun shi ne amsar masu cewa sun goge birus ya dawo. Ba na goge layi kai tsaye. Nakan cire alamar da ke gabansa, in sake tada kwamfutar, in ga ko wani abu ya lalace, sannan in goge layin da fayil ɗin da yake nunawa. Fayil ɗin da ya ƙi goguwa sai a shiga mode sans échec, inda Windows ke tashi da abubuwan dole kaɗai: a riƙe Maj a danna Redémarrer, a bi Dépannage, Options avancées, Paramètres, a sake tadawa, a danna 4. Wanda nake shakka a kansa nakan ɗora shi a VirusTotal, inda antibirus kusan 70 ke duba shi lokaci guda. Amma kada a ɗora takarda ta sirri a can, domin abin da aka ɗora masu bincike na iya ganinsa.

A nan na yanke shawarar da ba ta ji daɗinta ba. Da rakursi ne kaɗai, da na tsaya a nan. Amma ɗaya daga fayilolin da aka kama ɓarawon kalmomin sirri ne, kuma kirak ɗin da ya kawo shi an kunna shi da cikakken iko. Manhajar da ta samu irin wannan iko tana iya canja abin da ba wanda zai iya lissafawa. Ba zan iya ce wa mutum ya ci gaba da shiga imel da asusun kuɗinsa a irin wannan na'ura ba don kawai bincike ya fito fes. Sai muka sake sa Windows daga tushe. Na shirya kile na giga 8 da Media Creation Tool a kwamfuta mai lafiya, na tada tata daga shi, na zaɓi sakawa ta Personnalisé, na goge duk ɓangarorin diskin, na bar Windows ya ƙirƙiro sababbi. Yawancin kwamfutocin gwanjo suna zuwa da lasisi a cikin allon uwarsu, kuma da an jona intanet Windows kan kunna kansa, matuƙar an sa bugun da ya dace da lasisin, Famille ko Professionnel. Hakan ya faru da tata, ma'ana tun farko ba ta da buƙatar kirak na Windows. Na bar Windows Update ya gama duk zagayensa kafin in mayar da fayil ko ɗaya, kuma diskin wajen sai da Defender ya bincike shi tukuna.

Gyaran na'ura ba ya dawo da abin da aka riga aka sace. Ɓarawon kalmomin sirri kan kwashe duk abin da aka ajiye a Chrome ko Edge cikin ƙanƙanen lokaci, ya haɗa da kukis, wato ƴan bayanan da ke sa shafi ya gane ka ba sai ka sake shiga ba. Wanda ya riƙe su yana iya shiga asusunka ko bai san kalmar sirrinka ba. Don haka muka ɗauki wayarta, ba kwamfutar ba, muka soma da Gmail, tunda ta nan ake dawo da sauran asusun. Muka canja kalmar sirri, muka fitar da duk na'urorin da ke ciki, muka duba ko an canja lambar waya ko imel na ceto, ko an sa a riƙa tura wasiƙunta wani adireshi. Muka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Haka muka yi wa Facebook, inda muka tarar da wata na'ura da ba ta sani ba a jerin waɗanda suka shiga. A WhatsApp muka buɗe Appareils connectés muka cire komai. Kalmar sirri ɗaya take amfani da ita a wurare da dama, sai da kowane wuri ya samu tasa.

Saura kile-kilen, kuma nan ne aiki kan rushe. Wanda ya yi wa ɗaki feshin kuɗin cizo ya mayar da tsohuwar tabarma ciki bai yi komai ba. Na ce ta tattaro duk wanda ya taɓa shiga kwamfutar, har da katin memwar waya. A kowanne, ba tare da na danna komai a ciki ba, na buɗe Invite de commandes na rubuta:

attrib -h -r -s E:\*.* /s /d

Harafin E shi ne na kilen, a canja shi in nasa daban ne. Umarnin na cire alamar ɓoyewa da ta karantawa kaɗai da ta tsari daga duk fayiloli da dosiyoyi. Nan take dosiyoyinta na gaskiya suka bayyana kusa da rakursin bogi. Wani irin birus ɗin kan tura komai cikin dosiye marar suna ko mai alamar _ kaɗai, sai a leƙa can. Na goge duk .lnk da .vbs da autorun.inf, na kwafe takardun, na yi wa kilen fomate, na mayar da su. Idan aka yi wannan a kwamfutar da ba a warkar ba, rakursin kan dawo kafin a zare kilen.

Ta yi sa'a ta wani ɓangaren. Ƙofar kirak ɗin nan ita ce wadda birus ɗin garkuwa da fayiloli na STOP, wanda aka fi sani da Djvu, yake bi tun 2018. Shi yakan kulle takardu da hotuna, ya liƙa wa sunayensu wasu haruffa huɗu, ya bar fayil mai suna _readme.txt yana neman kuɗin fansa, wanda a shekarun baya ya kasance dalar Amurka 980, ko 490 in an biya cikin awa 72. Wanda hakan ta same shi kada ya yi fomate nan take, kada kuma ya biya. Ya ajiye kwafin fayilolin da aka kulle, ya duba shafin No More Ransom, wanda Europol da ƴan sandan Holan suka kafa tare da kamfanonin tsaro a 2016, da kuma manhajar buɗewa ta Emsisoft. Takan yi aiki idan birus ɗin ya kulle fayilolin lokacin da bai samu intanet ba. In ya samu, mabuɗin na hannun ɓarayin, kuma duk wanda ya ce zai buɗe maka a kasuwa kuɗinka kawai zai ci.

Kafin in mayar mata da na'urar na canja ƴan abubuwa. Na buɗe asusu biyu, na administrateur mai kalmar sirri da na yau da kullum marar iko, wanda a ciki za ta riƙa aiki. Duk abin da ya so shiga tsarin sai ya nemi kalmar sirri, wannan tsayawar kuma takan sa mutum ya yi tunani. Na sa Explorateur ya riƙa nuna ƙarshen sunayen fayiloli, don memoire.pdf.exe ya daina shigar burtu. Na nuna mata ƴar kibiyar da ke ƙasan hoton rakursi: dosiyen da ke kile bai kamata ya kasance da ita ba. A madadin Office na kirak na sa mata LibreOffice, wanda kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake tsarin shafi kan ɗan motsa, don haka ta riƙa fitar da PDF kafin bugawa. Na kuma gargaɗe ta kan wata yaudara da ta yawaita tun 2024: shafi ya ce don a tabbatar kai mutum ne, ka danna Windows da R, sannan Ctrl da V, sannan Entrée. Wanda ya bi, da hannunsa ya kunna umarnin ɓarawo. Babu shafin kirki da ke neman haka.

Batun buga takardu shi ne mai wuya, domin ba za ta daina zuwa shagunan fotokofi ba, su kuma kwamfutocinsu na karɓar kile daga hannun kowa tun safe har dare. Mafita mafi sauƙi ita ce ta aika PDF ta WhatsApp ko imel zuwa ga mai shagon, kada ta shiga asusunta a kwamfutarsa. In dole sai da kile, ta ware guda ɗaya na bugawa kaɗai, wanda ba ya ɗauke da komai sai kwafin abin da za a buga, ta yi masa fomate da ta dawo ba tare da ta buɗe shi ba. Memuwar ɗin kuma ya zauna a wuri uku: kwamfuta, diskin waje da ake zarewa bayan an kwafa, da Google Drive. Diskin da ke jone kullum, birus ɗin garkuwa na kulle shi tare da sauran. Sau ɗaya a mako ta samu Wi-Fi ta bar Windows da Chrome su sabunta. WannaCry da ya yi ɓarna a duniya a watan Mayun 2017 ya bi ta ramin da Microsoft ta riga ta toshe tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta ba su ya kama.

Akwai abu ɗaya da gyaran nan bai warware ba. Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafi na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, kamar yadda ta daina wa Windows 7 a Janairun 2020. Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin na'ura, da furosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa, kuma da yawa daga kwamfutocin gwanjon da ake sayarwa a nan ba su kai ba. Tata na ƙarni na 6 ce. Na ce ta gama memuwar a kan wannan tsarin da muka tsabtace, bayan ta kare shi gaban malamai mu mayar da kwamfutar Linux Mint, tunda aikinta bai wuce rubutu da intanet ba. Mai shirin sayen ta gwanjo kuwa, ya duba lambar furosesa kafin ya biya: a i5-8250U, alƙalamin farko bayan layin, wato 8, shi ne ƙarnin.